Hutun mako guda a tsaunuka da abincin halal

Tambaya: Ni da maigidana za mu yi hutun mako guda a yankin tsaunuka. Ba ma son wahalar hawa, kuma muna gudun cin abin da ba halal ba. Yaya za mu yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ku kama masauki ɗaya mai ɗakin girki, ku sayi nama a mahautar halal ta gari kafin ku hau, domin ƙauyukan sama ba kasafai ake samunsa ba. A gidan abinci kuwa, naman alade ba shi ne ke ɓoye ba. Abin lura shi ne giyar da ake zubawa a miya ko narkakken cuku, romon ƙashi, kitsen alade a suya, da jelatin (sinadarin daskarar da abinci da ake samu daga fata da ƙashin dabba) a kayan zaki. Ku tambayi mai girkin da kansa. Kifi da ƙwai sun fi sauƙi.

Ku kwana a wurin da tsayinsa bai kai mita 2,500 ba, don daga nan ciwon kai da jiri kan fara. Kwana biyun farko ku huta, sannan tafiyar awa biyu kullum da safe. Ku riƙe rigar sanyi: a kowace mita 1,000 da kuka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.