Wani Muzuru Ya Hana Magunana Sakat, In Sa Masa Guba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da maguna biyu, mace da namiji, tun suna ƙanana nake rainonsu. Kusan wata biyu ke nan wani ƙaton muzuru marar gida ya sa mu a gaba. Da dare yake haurowa ta katanga, ya cinye abincinsu, ya fesa fitsari a bakin ƙofa, ya bi su da cizo. Kwana huɗu da suka wuce namijin ya shigo yana ɗingishi, yau kuma na ga gindin wutsiyarsa ya kumbura, ya daina cin abinci. Macen kuwa ko ƙofa ba ta yarda ta leƙa. Wallahi abin ya hana ni barci. Wani ya ce in zuba maganin ɓera a abinci in ajiye wa muzurun, in huta. In yi haka, ko akwai wata mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Bari mu fara da wanda ke kwance, don maganarsa ba ta jira. Cizo a gindin wutsiya shaidar cewa yana gudu aka cim masa. Haƙorin mage siriri ne kamar allura, yana huda fata ya dasa ƙwayoyin cuta can ciki, sai bakin ciwon ya rufe, gashi ya lulluɓe shi. Bayan kwana biyu zuwa huɗu mugunya ta taru, zazzaɓi ya sauka, abinci ya fita daga ransa. Abin da kike gani ke nan. Ki kai shi wurin likitan dabbobi yau, a buɗe ƙurjin, a wanke, a ba shi maganin da ya dace da nauyinsa. Kada ki matse da hannu. Kuma don Allah kada ki ba shi farasitamol. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ɓallin ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ya isa ya kashe shi.

Idan kin je, ki tambayi halin allurar rigakafinsa, musamman ta ciwon haukan kare, domin mage ma tana ɗauka tana kuma yaɗawa. Ki kuma nemi a yi masa gwajin FIV, ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jikin maguna, wadda aka gano a Kalifoniya ta Amurka a 1986. Ta hanyar cizo mai zurfi ta fi yaɗuwa, muzuran da ke yawo kuwa su suka fi ɗauke da ita. Ba ta kama mutum. Gwajin yau ba zai nuna abin da wannan cizon ya jawo ba, sai an maimaita bayan kwana 60.

Yanzu ga batun guba. Kada ki yi. Na gaji da jin wannan shawara, domin kusan kullum sai wani ya kawo mini ita da ƙarfin gwiwa kamar wanda ya gano dabara, kuma masu ba da ita ba su ne ke tsayawa a kan teburin jinya suna kallon abin da ta haifar ba.

Ki dubi tsarin gidanki. Kina so ki ajiye abinci mai guba a daidai wurin da magunanki suka saba ci. Wa zai fara isa wurin? Muzurun titi ya rayu har ya girma ne saboda ba ya yarda da komai, yakan daɗe yana shinshina, yana kewaye, wani lokaci ya juya ya tafi. Naki kuwa tun suna ƙanana duk abin da hannunki ya ajiye alheri ne a wurinsu, ba za su yi wata-wata ba. Ba na manta wata mage da aka shigo mini da ita a nannaɗe cikin tawul. Na ɗaga leɓenta, dasashin ya yi fari fat kamar takarda, numfashi sama-sama, jini ya taru mata a ƙirji. Mai ita na rantsuwa ba abin da ta ci. Sai da na yi ta tambaya ya tuna cewa kwana biyar baya ya ajiye wa wani muzuru guba a bayan gida. Magen ba ta kai safiya ba. Muzurun kuwa, in ji shi, a daren ma yana kan katanga.

Wannan jinkirin shi ne sharrin yawancin magungunan ɓera. Suna hana jiki amfani da bitamin K, wanda da shi jini ke daskarewa. Dabbar za ta ci, ta tashi garau, ta yi wasa, sai bayan kwana uku zuwa biyar jini ya fara zuba a cikinta inda ido ba ya gani. Lokacin da za ki lura, aiki ya yi nisa. Idan an kawo da wuri akwai makari, amma magani ne na makonni uku zuwa huɗu, wani lokaci har da ƙarin jini. Magungunan ɓera irin su burodifakum suna daɗewa a hanta, don haka ɓeran da ya ci ya fito yana layi, magenki ta cafke shi, ita ma ta samu rabonta. Masu zuba maganin ƙwari kuma nasu ya fi sauri ya fi muni: dalala, karkarwa, shiɗewa, dabbar na kallonki tana kasa numfashi. Ban ma zo kan yaro mai rarrafe ba, wanda duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, ko karen maƙwabta, ko tsuntsayen da za su ci gawar. Guba ba ta karanta sunan wanda aka ajiye wa.

Kuma ko da muzurun ne ya ci, me ya yi da za a yi masa wannan kisan gilla? Yunwa ta kawo shi da ɗabi'ar da aka halicce shi da ita. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. To ina ga wanda ya sa ta kwana tana zubar da jini ta ciki? A ƙasashe da yawa ma laifi ne da doka ke hukuntawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, bayan duk wannan haɗari, matsalar ba ta ƙarewa. Muzuru yanki yake riƙewa. Ranar da ya mutu, ko aka sa shi a buhu aka kai shi nesa aka yar, warin fitsarinsa zai dushe, cikin 'yan makonni wani ya gaje wurin, domin abin da ya jawo na farkon yana nan: abinci a waje, da mace. Sai ki sake ajiye guba? Har sau nawa?

Don haka ki cire abin da ke kiran sa. Daga yau abincinsu ya koma cikin ɗaki, a ɗauke kwano da zarar sun gama, a rufe kwandon shara. Ki shigar da su kafin faɗuwar rana, kada su fita sai gari ya waye sosai, domin tsakanin nan ne faɗan ya fi aukuwa. Inda ya fesa fitsari ki wanke da ruwan ɗumi da garin sabulun wanki, ki guji duk mai wanki da ke da amoniya, warinsa kamar na fitsari ne, yana ƙara tunzura shi ya sake fesawa. Ki duba ta inda yake haurowa, ki janye ganga ko tarin katakon da yake takawa. In kin gan shi, ki watsa masa ruwan sanyi, ba na zafi ba, ba kuma jifa ba. Idan faɗa ya kaure, kada ki sa hannu, ki kwara musu ruwa ko ki sa faffaɗan katako a tsakaninsu. In har ya cije ki ko ya yakushe ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ki wuce asibiti a ranar.

Ba ki gaya mini ko an yi wa naki aikin hana haihuwa ba, kuma ina zargin ba a yi ba. Macen da ba a cire wa mahaifa ba takan shiga neman namiji duk bayan mako biyu zuwa uku a lokacinta, kukanta da warinta suna kiran muzurai daga nesa. Namijinki kuma, muddin ba a yi masa dandaƙa ba, kishiya ne a idon wancan. A yi musu duka biyun da zarar mai ciwon ya warke.

Shi ma baƙon maganinsa ke nan. Ki fara tambayar maƙwabta ko yana da mai shi. In babu, ki nemi likitan dabbobi ko masu kula da dabbobin titi su ara miki kejin tarko, a kama shi, a yi masa dandaƙa da rigakafi, a mayar da shi inda yake. Cikin 'yan makonni yawancinsu kan rage faɗa, da yawo, da fesa fitsari, ga shi kuma zamansa a wurin yana hana sabon muzuru shigowa.

Macen da ta ƙi fita, ki bar ta, kada ki tilasta mata. Ki ba ta wuri mai tudu da za ta hau ta ɓuya, ki ajiye musu kwanon bahaya uku, wato kowa da nasa da ƙarin ɗaya, ki sa labule a tagar da suke hango shi. Tsoro irin wannan yakan taɓa mafitsarar mage. Idan kika ga namijin yana yawan tsugunawa yana nishi, fitsari ba ya fita ko yana ɗiga da jini, wannan toshewa ce da ke iya kashe shi cikin kwana ɗaya zuwa uku, ki ɗauke shi a lokacin ko da tsakar dare ne.