Ba jabu aka sayar maka ba, man layin ne ya ƙone: amsoshin tambayoyinku kan ƙwallon bolin

Tambayoyi kan bolin, wasan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanya da ake kira layi don zubar da kwalabe goma, sun taru a wannan karon, kuma kusan duk kuka ɗaya ake yi, an sayi ƙwallo mai tsada ta ƙi yin abin da aka saye ta dominsa. Na tsinci guda biyar.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na daɗe ina tara kuɗi har na sayi ƙwallon da aka ce min ita ce mafi ƙarfin lanƙwasa, irin ta ƙwararru. Ranar farko da safe abin sai wanda ya gani, amma da na koma da daddare, wuri ɗaya layi ɗaya, sai ta dinga karya kwana tun kafin ta kai rabi, in ta isa kwalaben kuma kamar matashin kai na jefa musu. Anya ba jabu aka sayar min ba?

Amsa: Ɗan uwa kwantar da hankalinka, ƙwallonka lafiyarta ƙalau. Layin da ka buga da safe da wanda ka buga da daddare lamba ce kawai ta haɗa su. Daga zanen da ba a tsallakewa wajen jifa zuwa kwalba ta farko ƙafa 60 ne, kuma akwai injin da yake bi yana shafa mai a kai, yawanci ƙafa 40 ɗin farko ko kusa da haka, sauran wajen kwalabe a bushe ake barinsa. Man nan ido ba ya ganinsa sosai amma shi ne sarki a wasan. Ƙwallo in ta bar hannunka matakai uku take bi, da farko ta yi sulu a kan mai tana juyawa amma ba ta kama ƙasa ba, in ta fita daga man sai ta ciji busasshen wuri ta lanƙwasa, daga nan sai ta miƙe tana mirginawa zuwa aljihu, wato tsakanin kwalba ta 1 da ta 3 in kai badame ne, ta 1 da ta 2 in bahago ne.

To irin taka mai ɓawon riyaktib, wato irin ɓawon da ake yi wa ƙwallaye masu ƙarfin lanƙwasa, shan mai take yi kamar soso, an yi ta ne don ta kama ƙasa ko da man ya yi yawa. Da safe inji bai daɗe da wucewa ba, ta samu abin da take so. Kafin dare mutum nawa suka buga a layin nan? Kowace jifa tana kwashe ɗan mai daga gaba, masu ƙwallon roba na haya kuma suna tura wani can ƙasa inda ya kamata a ce a bushe yake, sai gaba ya ƙone baya ya yi santsi, juyin waina kenan. Ƙwallonka ta kama ƙasa tun a ƙafa 20 ko 25, ta ƙarar da duk juyin da ka ba ta a hanya, ta isa kwalabe a gajiye liƙis. Shi ya sa kake jin ƙarar dukan ta mutu, kuma kwalba ta 10, ta can lungun dama, tana tsaye tana kallonka.

Ni ma na sha wannan kashin. Akwai wani dare da na nace sai na buga da sabuwar ƙwallona don kawai ita ce mai tsadar cikin jakar, wasa uku ina ƙara ƙarfin jifa har kafaɗata ta fara zafi, wani dattijo a layin kusa da ni da tsohuwar ƙwallo duk ta koɗe yana ta zubar da kwalabe hankali kwance. Da na ɗaga tawa na duba, zoben man da ke fitowa a jikinta bayan kowace jifa kusan babu shi, a bushe take dawowa. Nan na gane ba hannuna ba ne.

Abin yi, in ka ga ta fara karyewa da wuri, kai badame ka matsa hagu ka nemi inda man ya rage a tsakiya. Masu wasa suna da lissafin biyu da ɗaya, ƙafarka ta matsa falanki 2 (siraran falankan da aka jera a faɗin layi), inda kake auna ya matsa falanki 1. In ka matsa ka matsa har ka ƙure bai yi ba, mayar da ita jaka ka ɗauko wadda ba ta kai ta ƙarfin lanƙwasa ba, ba abin kunya ba ne.

Tambaya: Ni mace ce, na fi shekara ina wasa da ƙwallon haya yanzu ina son tawa ta kaina. Na duba na ga wata an ce ɓawonta kaza, cikinta kaza, ga wasu lambobi RG da ban san me suke nufi ba, kaina ya ɗaure. Wacce zan saya?

Amsa: 'Yar uwa kin yi dabara da kika tambaya kafin ki biya. Abu biyu ne a ƙwallo, ɓawo da ƙodagon ciki, kuma talla ta fi son yin surutu a kan ƙodago saboda shi ne mai siffa mai ban sha'awa a hoto, amma ɓawon ne yake taɓa layi. Hukumar bolin ta Amurka, USBC, ta taɓa yin bincike a kan abin da ya fi juya tafiyar ƙwallo, kaushin ɓawo ne ya zo kan gaba, ƙodago yana baya.

Ɓawo iri uku ne manya. Na roba, wanda kusan miƙewa yake yi sak. Na yuretan da ya shigo a farkon shekarun 1980, yana kama ƙasa da wuri amma a hankali yake lanƙwasa ba fizga. Sai riyaktib da ya zo a farkon shekarun 1990 ya birkita wasan gaba ɗaya. Shi ma riyaktib ɗin ya rabu, akwai zalla mai fara aiki da wuri, ya fi dacewa da mai mai yawa, akwai mai lu'ulu'u wanda yake yin dogon sulu sai ya fita daga mai ya karya da ƙarfi, wannan ya fi jin daɗin layin da ya fara bushewa a gaba, sai ruwa biyu da aka gauraya su.

RG kuwa yana gaya miki ko nauyin ƙodago ya taru a tsakiya ko ya bazu kusa da ɓawo. Doka ta ce tsakanin 2.46 da 2.80. In lambar ta yi ƙasa ƙwallo tana saurin ɗaukar juyi ta fara mirgina da wuri, in ta yi sama sai ta jinkirta. Ɗaya lambar da ake rubutawa kusa da ita, difarenshiyal, iyakarta 0.060, tana nuna yadda ƙwallon za ta dinga sauya gefen da take taka layi da shi, wato kowane zagaye sabon wuri marar mai ne yake taɓa ƙasa, in lambar ta yi yawa lanƙwasa ta yi yawa.

Ni dai da ke ce, ba zan fara da ta can sama ba. Ki nemi riyaktib mai matsakaicin ƙarfi, ƙodago mai daidaiton gefe, ruwa biyu ko mai lu'ulu'u, domin man da ake shafawa don wasan yau da kullum ba shi da yawan da zai ciyar da manyan nan. Kuɗin da ya ragu ki kai wa mai hudawa wanda ya san aikinsa, ya auna hannunki ya kalli jifarki kafin ya taɓa ƙwallon. Ƙwallo mai arha da ramukanta suka zauna a yatsu ta fi mai tsada da take matse babban yatsa. Nauyi kuma iyaka laba 16 ne, kilo 7 da 'yan kai, kada wani ya ruɗe ki da cewa sai mai nauyi take zubar da kwalabe, ki ɗauki wadda za ki yi wasa uku da ita hannunki bai mutu ba. Za ki ma ga wadda aka huda daidai hannunki ta fi ta haya sauƙin ɗauka ko da nauyinsu ɗaya.

Tambaya: Yallaɓai a wasan da muka saba ina kai maki 190 ba wahala, na shiga wata gasa da ƙyar na haɗa 140, ƙwallo ɗaya hannu ɗaya. In ƙara sayen wata ne?

Amsa: Hhh sannu, ka haɗu da irin shafa man da ake yi don gasa kenan. Tsaya in faɗa maka wani abu da ba kowa ke son ji ba, wannan 190 ɗin da hannun mai shafa mai a ciki. Layi falanki 39 ne a faɗi. A shafin yau da kullum ana jibga mai a tsakiya a bar gefe kusan a bushe, bambancin yakan kai ninki 8 ko 10, to in ka kuskure waje busasshen gefe ya dawo maka da ita, in ka kuskure ciki man tsakiya ya riƙe ta kada ta wuce, ko ta ina aljihu take nufa kamar mazurari. A shafin gasa bambancin ba ya wuce ninki 3 ko 4, man kusan a shimfiɗe yake bai ɗaya, kuskuren falanki biyu kuskure ne, babu mai ceto.

Kafin ka sayi komai ka koyi tambayar tsawon man. Akwai lissafin da ake kira dokar 31, ka cire 31 daga tsawon, abin da ya rage shi ne kusan falankin da ya kamata ƙwallonka ta kasance a kai lokacin da take fita daga mai. Ƙafa 40 falanki na 9 kenan, ƙafa 35 na 4, can bakin kwatar gefen layi, tunda daga gefe ake ƙirga falanki, ƙafa 45 kuma na 14. Ba wahayi ba ne amma yana ba ka wurin farawa. Ƙungiyar ƙwararru ta PBA har sunayen dabbobi ta sa wa nata shafe-shafen, Cheetah gajere ne ana buga shi ta gefe, Shark dogo ne yana tura ka tsakiya.

Yanzu ga inda zaɓen ƙwallo ya shigo. A dogon mai busasshen wurin da ya rage kaɗan ne, ƙwallo ba ta da filin lanƙwasa, nan ne mai ƙarfi mai kaushi take cin kasuwarta. A gajeren mai kuwa filin ya yi yawa, riyaktib mai zafi za ta fizge ta tsallake aljihu, shi ya sa za ka ga ƙwararru da duk ƙwallayen duniya a gabansu sun koma yuretan na da, saboda suna son wadda za su iya hasashen inda za ta je. Ko Jason Belmonte na Ostareliya, mai jifa da hannu biyu da juyin da ba kowa ke da shi ba, da jaka cike yake zuwa gasa, yana canzawa yadda layi ya canza.

Kuma akwai hanya mai sauƙi kafin sayen sabuwa, sanfefa. Akwai ta musamman ta ƙwallon bolin mai lamba 500, 1000, 2000 har 4000. Ƙaramar lamba kaushi, ƙwallo ta kama da wuri. Babbar lamba ko folish, ta yi nisa kafin ta karya. Ƙwallo ɗaya za ta zame maka kamar biyu. Sai dai ka yi gyaranka kafin a fara ƙirga maki, in gasa ta fara doka ta hana taɓa ɓawo.

Tambaya: Tawa wata takwas kenan, da tana karyewa kamar me, yanzu ko da sabon mai sai ta wuce sumul. Ta mutu ne?

Amsa: Ba ta mutu ba, ƙoshi ta yi. Duk man da ta sha yana nan cikin ƙofofin ɓawonta, kuma gogayya da layi ta cinye kaushin da ta fito da shi daga kamfani. Ka dinga share ta da busasshen tawul bayan kowace jifa, in ka gama wasa ka wanke ta da ruwan wanki na ƙwallo nan take kafin man ya nutse, ba sai gobe ba. A gasar da ke bin dokar USBC tun 2019 busasshen tawul kawai aka yarda da shi ana cikin wasa. Tunda taka ta riga ta yi nisa, kai ta wurin masu hudawa, suna da na'urar da take ɗumama ta a hankali man ya tsattsafo kamar gumi, sannan su sabunta mata fuska. Don Allah kada ka sa ta a oben na girki, kuma kada ka bar ta a but ɗin mota rana ta dake ta sanyi ya dake ta, tsagewa take yi, in ta tsage zagaye kuwa sai dai a sa ta a tokare ƙofa.

Tambaya: Kullum kwalba ta 10 ce take ba ni kunya, in na auna ta ƙwallon sai ta lanƙwashe ta bar ta. Akwai wadda za ta yi min duka biyun?

Amsa: Malam wannan ba aikin mai tsada ba ne. Kwalba ta 10 tana can lungun dama inda layi ya fi bushewa, riyaktib kuwa da ta ji bushewa sai ta juya. Sayi ta roba, ita ce mafi arha a shagon, a huda ta daidai da ramukan babbar don hannunka kada ya ji bambanci. Ka tsaya can gefen hagu, ka jefa ta a karkace ta ratsa tsakiyar layi inda man yake, wajen kibiya ta uku ko ta huɗu cikin kibiyoyin aunawa da aka zana a kan layi, ka sassauta wuyan hannu kada ka ba ta juyi. In kai bahago ne ta 7 ce taka, sai ka juya lissafin.