Ingila ce ta fara ƙera na'urar kewayar duniyoyi?

Kana tambaya ko Turawan Ingila ne suka fara ƙera injin nan mai nuna yadda duniyoyi ke zagayawa. A'a gaskiya, Girkawa sun riga su nesa ba kusa ba, a 1901 aka tsamo na'urar Antikythera daga wani jirgin ruwa da ya nitse kusa da tsibirin Antikythera na ƙasar Girka, ta haura shekara 2000, giyoyinta (ƙarafa masu haƙora da ke juyawa) na tagulla 30 sun tsira kuma har husufi take lissafawa.

Amma fa ita duniyarmu ta ɗauka a matsayin tsakiya. In mai rana a tsakiya kake nufi, wadda ta yi suna ita ce ta George Graham da Thomas Tompion, masu ƙera agogo a Landan, wajen 1704. Duk wanda ya taɓa buɗe cikin agogon wani zai gane aikin, haƙoran giya ne ke ƙayyade saurin kowace duniya.