Shanu Ne Suka Cinye Filinmu, Ko Ruwa Ne Ya Janye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Yusufari ne ta jihar Yobe, amma ɗinki nake yi a Tudun Wada, nan Zariya. Da na je gida kwanan baya, na tarar filin da muka yi kiwon awaki muna yara ya zama fako, sai tumfafiya nan da can. Kawuna ya ce ruwan sama ne ya janye, ni kuma na ce dabbobi ne suka yi yawa. Wa ya fi gaskiya? Kuma filin zai iya dawowa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaishe min da Kawu, kuma kada ka yi saurin kayar da shi. Mutumin da ya ga farin 1972 zuwa 1974, ya sake ganin na 1983 da 1984, in ya yi maganar ruwa ya san abin da yake faɗa. Nan Zariya muna samun kimanin milimita 1,000 a shekara, ku kuwa da ƙyar kuke samun rabin haka. A irin ƙasarku ruwa ne ke yanke yawan ciyawar da za ta fito a kowace shekara.

Amma in ka koma, ka ja shi ku je maƙabartar garinku, ko wani wuri mai shinge da dabba ba ta shiga. Ku tsaya a bakin shingen ku dubi ciki, ku dubi waje. Hadari ɗaya ne ya zubar musu. In ciki ciyawa ta kai gwiwa, waje kuwa tas kamar tafin hannu, to akwai abin da ya wuce ruwa.

Ni abin da na gani tun ina yaro a ƙauyenmu wajen Giwa shi ne: cin ciyawa ba ya kashe ta, hana ta hutu ne ke kashe ta. Ɗauki gamba. Abincinta a gindinta da saiwarta take ajiyewa, da shi take yin tohon farkon damina. Saniya ta gutsure, ta sake tohowa daga ajiyar. Kafin ganyen ya yi girman da zai mayar da abin da aka ciro, akuya ta zo ta sake askewa. Haka saiwar ke ta gajercewa. Na taɓa tuge gindin gamba a bakin mashaya, ya fito a hannuna kamar na ciro albasa, alhali wadda ke cikin shinge sai da fartanya. Bayan 'yan daminu sai a neme ta a rasa. Kyasuwa da harkiya kuwa, da iri suke dawowa kowace shekara. In aka cinye su kafin su zubar da iri, me zai tsiro baɗi? Dabba tana zaɓen mai daɗi ta bar marar daɗi, shi ya sa ƙarshe sai tafasa da tumfafiya su gaje filin.

Ƙasar kanta ce ta fi ba ni tausayi. Kofato ya danne ta tana jiƙe, ƙofofin da ruwa ke bi su toshe. Babu busasshiyar ciyawa a kanta, don haka ɗigon ruwa na dukanta kai tsaye, ta yi ɓawo. Ka ɗauki buta ka gwada: zuba a kan fako, za ka ga ruwan ya kwanta yana sheƙi, sannan ya gangara. Zuba a gindin sabara inda ganye ya taru, kafin ka ajiye butar ya shige. Wato ko an yi ruwa mai kyau, fako ba ya sha, sai dai ya tura shi ya je ya haƙa kwazazzabo a gaba. Da rani kuma kofato ya farfasa saman, iskar hunturu ta kwashe lallausar ƙasar mai albarka, ta bar tsakuwa da yashi.

Lissafin yawa ma gaskiya ne. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar kusan kilo 6 na busasshen abinci kullum, sama da tan 2 ke nan a shekara. Garken 50 zai share kilo 300 a wuni ɗaya.

Sai dai ina roƙonka kada ka mayar da wannan amsa sandar dukan makiyayi. Garken da ke tafiya ba shi ne ke haifar da fako ba. Da can Fulani sukan yi arewa da damina, su gangaro kudu da kaka, fili ya samu watanni yana numfashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, damin dawa yakan ba su don su kwantar da shanu a gonarmu bayan girbi, saboda taki. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma yau burtali da yawa sun koma gonaki, dabbobin da ya kamata su bazu sun cunkushe a ɗan abin da ya rage. Ruwa ma yakan ɗaure su wuri ɗaya: a yankin Ferlo na Senegal, da aka haƙa rijiyoyin burtsatse a shekarun 1950, garkuna sun riƙa zama kusa da su, aka ga ƙasar da ke kewaye da bakin rijiya ta tsiraice. Ka bincika ko an yi rijiya kusa da filinku. Ka kuma ƙirga awaki da tumakin cikin gari, waɗanda ba sa zuwa ko'ina rani da damina. Sau da yawa su ne.

Filin zai iya dawowa, in sha Allahu, amma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ku zauna da Bulama da ardo a raba shi, a hana kiwo a wani sashe tun daga ruwan farko har ciyawa ta zubar da iri, baɗi a koma wani. Inda ya riga ya yi ɓawo, hutu kaɗai ba ya isa, sai an fasa. Mutanen Tawa a Nijar ramuka suke haƙawa masu siffar rabin wata, bakinsu na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, su zuba taki da iri. A shimfiɗa kara da rassa a kai, gara za ta zo ta huda ƙasar. A Maradi kuma tun shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture yana girma, gawo da kalgo suka dawo gonaki. Batun irin ciyawar da zai dace da ƙasarku, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI nan Shika, kan hanyar Funtuwa, ka leƙa ka nemi shawara kafin ka tafi.

Tumfafiyar nan kuma ku bar ta tukuna, kada ku sare. Ka duba gindinta, za ka ga yashi da ɗan irin ciyawa da iska ta tara. Daga nan tsiron farko yakan fito.