Hukuncin shirya wa abokan ciniki walimar godiya

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayar da atamfa da shadda da leshi a kan sari. Shekarata 14 a wannan sana'a, kuma akwai mutanen da tun ina kan tebur har na samu shago ba su taɓa canja ni ba, wasu daga Gusau, wasu daga Maraɗi da Damagaram. Ina so bayan Babbar Salla in kama ɗakin taro in tara kamar mutum 80 daga cikinsu, in ciyar da su, in raba musu turamen atamfa, a kuma yi ƙuri'a wani ya ci keken ɗinki. Sai wani abokina ya ce wannan bidi'a ce kuma koyi da Turawa ne. Wani ya ce toshiyar baki ce, tunda don su ci gaba da saye a wurina nake yi. Gaskiya Malam, har da wannan niyyar a raina. Mene ne hukuncin abin da nake shirin yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Alhaji, Allah ya yi wa kasuwarka albarka. Walimar da kake shirin yi halal ce, in ka gyara niyya ma za ka samu lada. Sai dai akwai wuri ɗaya da nake ji maka tsoro, kuma ba shi ne abokanka suka nuna maka ba.

Ciyar da mutane da yi musu kyauta suna cikin babin al'adu da mu'amala, asalinsu kuwa halacci ne har sai dalilin hani ya zo. Bidi'a tana shiga ne inda mutum ya ƙirƙiri ibada, ko ya ƙudurce cewa wata rana tana da falalar da shari'a ba ta ba ta ba. Kai ba ka ce ranar walimarka idi ce ba, don haka ko duk shekara ka maimaita ta, ba ta zama bidi'a. Koyin da aka hana kuma shi ne koyi da waɗanda ba Musulmi ba a abin da yake alamar addininsu. Karrama abokin ciniki ba mu aro shi daga kowa ba. A da, fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro a gidan mai masauki suke sauka, ya ciyar da su, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Mai awo a kasuwa har gobe in ta cika mudu sai ta ƙara gyara. Abin da za ka yi gyara ce da ta girma.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Abu Huraira. Ya kuma yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙin hali in ya sayar, in ya saya, in ya bi bashi, hadisin Jabir ne a Buhari. Shi da kansa ya amsa gayyatar mai sana'a. Anas ɗan Malik ya ba da labarin wani tela da ya gayyaci Annabi abinci, ya kawo gurasar sha'ir da romo mai kabewa da busasshen nama, Anas ya ce ya ga Annabi yana bin kabewar a gefen akushi, tun daga ranar shi ma yake son kabewa. Wannan yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim.

Na ji daɗi da ka faɗi gaskiyar niyyarka. Son abokin ciniki ya dawo ba zunubi ba ne, Allah ya halatta ciniki a aya ta 275 ta Suratul Baƙara, neman kasuwa ta hanyar kyautatawa kuma yana cikin ciniki. Malamanmu na Malikiyya ma sun san kyautar da ake yi da fatan a saka, suna kiranta hibatus sawab, kuma sun halatta ta. Ladan Lahira ne kawai yake bin gwargwadon abin da ka yi don Allah. Toshiyar baki kuwa ita ce ka ba mutum abu don ya ba ka abin da ba haƙƙinka ba, ko ya ci amanar da aka ɗora masa. Ɗan sarin da ya zo daga Gusau da kuɗinsa, in ya ci abincinka ya ji daɗi ya dawo shagonka, amanar wa ya ci? Dukiyarsa ce, ya kai ta inda ya ga dama.

To, ga inda nake ji maka tsoro. Ka ɗauko sunayen mutum 80 ɗin nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kanka: wannan da kuɗin wa yake saye? Na tabbata za ka samu waɗanda ba da nasu suke saye ba. Akwai yaron da maigidansa ke aikowa daga Maraɗi da kuɗi da jerin kaya. Akwai ma'aikacin da makaranta ko kamfani ya ɗora wa sayen yadin yunifom. Akwai matar da ƙawaye suka tara wa kuɗin anko suka ce ta je ta sayo musu a farashin da aka sayar mata. Waɗannan wakilai ne, kuma kyauta ga wakili saboda aikin wakilcinsa ba halal ba ce gare shi sai da sanin wanda ya wakilta shi da yardarsa.

Dalili shi ne hadisin Abu Humaid As-Sa'idi a Buhari da Muslim. Annabi ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma ni aka yi wa kyauta. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa ko uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Wannan shi ne ma'aunin, Alhaji. Yaron nan na Maraɗi, in gobe maigidansa ya sallame shi, za ka aika masa da turmin atamfa? In amsar a'a ce, to kujerar da yake kai ka yi wa kyauta, kujerar kuwa tana da mai ita. Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da maƙwabcinka ya sayar da irin shaddarka ƙasa da kuɗinka, yaron zai tuna da turmin nan ya wuce shagon maƙwabcin kamar bai gani ba, asarar kuma ta faɗa kan mutumin da yake can gida ya amince masa. Kai ne ka buɗe masa wannan ƙofar.

Gyaran abin ba shi da wuya. Ka aika da katin gayyata da sunan mai kuɗin, in ya ga dama ya turo yaronsa ya wakilce shi. Ko ka buga masa waya ka ce ina so in yi wa yaronka ihsani, ka yarda? In ya yarda ta halatta. Wanda ke saya wa hukuma ko kamfani kuwa, ka mayar da kyautar ta zama ragi, a rubuta shi a rasit yadda masu kuɗin za su gani. Matar anko in an san sari take yi ta ɗora ribarta, 'yar kasuwa ce kamar kowa, ka ba ta kyautarta. Jami'an kwastan da na haraji da duk wanda kayanka ke bi ta hannunsa, kada ma ka sa su a lissafi. Shehu Halilu a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya ambaci alƙali da mai faɗa-a-ji cikin waɗanda kyauta gare su ta haramta.

A wurin nan ne kuma ya ambaci kyautar wanda ake bi bashi ga mai binsa, cewa haramun ce sai in dama sun saba yi wa juna irinta, ko wani sabon dalili ya taso. Wannan ya shafe ka ta fuskar da 'yan kasuwa ba su cika lura da ita ba. In akwai wanda ya bar kuɗinsa a hannunka kana juya su, ka lamunce masa za ka mayar duk sanda ya nema, to sunansa ajiya amma a shari'a rance ne. Kada ka fifita shi da babbar kyauta saboda kuɗin nan. Abdullahi ɗan Salam ya gargaɗi Abu Burda cewa in wanda kake bi bashi ya kawo maka ko da ɗaurin ciyawa ne kada ka karɓa, riba ce, Buhari ya ruwaito. Ka ba shi irin abin da ka ba sa'anninsa a ciniki. Waɗanda kai kake bi bashi kuwa babu laifi ka yi musu kyauta, kuma kada a yi zancen bashin a gaban jama'a.

Kuɗin walimar su fito daga aljihunka. In jarin wani kake juyawa ana raba riba, Imamu Malik ya faɗa a babin ƙirali na Muwaɗɗa cewa mai juya dukiyar ba ya kyauta daga cikinta, ba ya saka wa kowa alheri da ita. Sai ka nemi izinin mai jari ko abokin tarayya. Ba kuma za ka lissafa ta cikin zakka ba. In dila na binka kuɗin da lokacinsu ya yi, ko yaran shago na bin albashi, ka fara biyansu, don jinkirin mai hali zalunci ne a nassin hadisi.

Ƙuri'ar keken ɗinki ta halatta matuƙar ba wanda ya biya ko sisi don ya shiga, ba ka kuma ƙara wa kaya kuɗi don ka fanshe ba. Annabi yana yin ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Amma in ka sayar da tikiti, ta zama cacar da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa da giya. Ban kuma so ka riƙa shelar cewa duk wanda ya sayi kaya kaza zai shiga ƙuri'ar baɗi, malaman zamani sun yi saɓani a kai, kuma yana sa mutum ya sayi abin da ba ya buƙata don kwaɗayin sa'a.

Game da zaman kansa, ka ware wa mata wurinsu, a bar kiɗan batsa da rawa da liƙi, a tsara lokaci yadda salla ba za ta wuce ba. In wani maƙwabci ya yi tasa walimar, kada ka yi taka don ka kere shi. Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan cin abincin masu gasa da juna.

An taɓa gayyatata buɗe irin wannan taro da addu'a. A ciki farantan shinkafa da kaji ne aka ɗan taɓa aka ture, ma'aikata na kwashewa suna zubawa a bokiti. Da na fito sai na tarar da 'yan dako kusan goma a bakin ƙofa, wani da gammonsa a hannu, mai gadi ya hana su shiga don ba su da kati. Su ne suke ɗaukar dilolin mai walimar a ka tun safe har yamma. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Abu Huraira yana cewa mafi sharrin abinci shi ne abincin walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Annabi kuma ya ce wa 'yan kasuwa ciniki ba ya rasa yasasshen zance da rantsuwa, su gauraya shi da sadaka. Don haka ka ƙara kujeru, Alhaji. Ka sa 'yan dakonka da yaran shago da mai gadin layinku cikin masu kati, ka kuma tuna da matar da turmi biyu kawai take iya sara amma shekara 10 ba ta canja ka ba. Su zauna a ci tare, ba a miƙa musu ragowa a leda ba.

Allah ne Mafi sani.