Amsa: Mutanen Assam sun yi wa Turawa bore kuwa?

Ɗan'uwa ka tambaya wai shin mutanen Assam, a arewa maso gabashin Indiya, su ma sun taɓuka wani abu a kan mulkin Ingila ko dai Gandhi da 'yan jam'iyyar Kongires kawai ake ji. Wallahi sun yi, kuma tun kafin a haifi Gandhi ma. Turawa sun karɓi Assam ne a 1826 bayan yarjejeniyar Yandabo da ƙasar Bama (Myanmar ta yau), bayan shekara biyu kacal Gomdhar Konwar, wani ɗan gidan sarautar yankin, ya tayar musu da ƙayar baya. Maniram Dewan kuwa, mai gonar shayi, rataye shi suka yi a garin Jorhat a 1858 bisa zargin shirya musu tawaye.

Amma ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne na manoma. Suna da taron gari da suke kira raij mel, a nan talakawa ke zama su yanke shawara, kuma a 1861 a Phulaguri da aka hana su noman tabar ofiyom aka kuma fara zancen haraji a kan ganyen da suke taunawa kamar yadda mu ke cin goro, suka taru har aka kashe wani hafsan Bature mai suna Singer. A Patharughat kuma ranar 28 ga Janairu 1894 aka buɗe wa manoma wuta don sun ƙi ƙarin harajin gona, gwamnati ta ce 15 suka mutu, mutanen yankin suna cewa 140.

Sai Kanaklata Barua, yarinya 'yar shekara 17, tana riƙe da tuta a gaban ayari za ta kafa ta a ofishin 'yan sanda na Gohpur a 1942, suka harbe ta nan take. Allah sarki.