Tambaya da Amsa: Wace Lamba Ake Ba Folikula Limfoma Idan Ba a Fara Magani Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina aiki a sashen adana bayanan marasa lafiya. An kawo mini fayil ɗin wani mai folikula limfoma, likitansa ya rubuta cewa sa ido kawai ake yi masa, ba a fara magani ba. Shin in rubuta ta a matsayin cutar da ta wuce? Kuma wace lamba ce daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A'a, kada ki rubuta ta a matsayin tarihi. Wannan sankara ce ta ƙwayoyin B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ke cikin kaluluwa, tafiyar hawainiya take yi, mutum kan yi shekaru ba tare da ta dame shi ba. Sa idon ma shiri ne na kulawa, domin cutar tana nan daram. Lambar tarihi, wato Z85.72 a ICD-10-CM, tsarin lambobin cututtuka na Amurka, kuskure ce a nan, kuma tana iya sa inshora ta ƙi biyan kuɗin gwaje-gwajen bibiya.

Lambar da ta dace tana ƙarƙashin C82, kuma rahoton ɗakin gwajin tsoka ne ke raba gardama. Ana ƙirga manyan ƙwayoyin da ake kira sentiroblas a kowane fili na madubin gwaji: 0 zuwa 5 daraja ta 1 ce, C82.0; 6 zuwa 15 daraja ta 2, C82.1, sama da 15 daraja ta 3, inda 3a take C82.3, 3b kuma C82.4. Bambancin nan ba na takarda ba ne kawai, don 3b ana yi mata magani mai ƙarfi irin na limfoma mai saurin yaɗuwa. In rahoton bai faɗi daraja ba, ki koma wurin likita ki tambaya kafin ki sa C82.9, lambar da ba ta fayyace daraja ba. Sau da yawa dalili shi ne da siririyar allura aka zuƙo samfurin, alhali ciro kaluluwar ɗungurungum ya fi nuna tsarinta.

A ICD-10-CM akwai gurbi na biyar da ke nuna wuri: 1 kai da wuya, 3 ciki, 4 hammata, 7 saifa, 8 wurare da yawa. Kada ki ƙara C77 don kin ga kaluluwa da yawa sun kumbura. Wannan ta sankarar da ta taso daga wata gaɓa ce.

Ki riƙa lura da fayil ɗin, domin lamarin na iya sauyawa. Ana fara magani idan ƙullutu ya kai santimita 7, ko jini ya ragu, ko aka samu zazzaɓi, zufar dare da ramewar kashi 10 cikin 100 a wata shida. Galibi maganin rituximab ake haɗawa da bendamustine ko CHOP, wato haɗin magunguna huɗu, kuma wajibi ne a gwada ciwon hanta nau'in B tukuna, don maganin na iya tayar da shi. Idan sabon gwajin tsoka ya nuna ta rikiɗe zuwa limfoma mai manyan ƙwayoyin B, lambarta C83.3 ce, kuma sai likita ya rubuta haka da hannunsa kafin ki shigar da ita.